Tuwo ya daina wucewa: likita ya ce a sa wa Baba bututu, Baffa ya ce a'a

Ɗiyar Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa jinyar mai irin wannan lalura. Mahaifinmu ne, ya haura shekara sittin. Tun bayan babbar salla nama ya fara tsaya masa a ƙirji, sai ya kora da ruwa. Daga nama sai tuwo, daga tuwo sai shinkafa. Yanzu kunu kaɗai ke wucewa, shi ma sai an tsinka shi. An yi masa fibroskopi, wato an leƙa hanyar abincinsa da na'ura, an ɗebi ɗan nama an kai gwaji Yawunde, sakamako ya dawo: kansa ce, wato ciwon daji, a hanyar abinci. Da kilo 68 yake, jiya da muka auna shi a farmasi 54. Likita ya ce kafin a shiga maganar magani sai an sama masa hanyar ci, yana son a sa masa bututu ta ciki. Baffanmu, wan Baba, ya rantse ba za a huda cikin ɗan'uwansa ba. Baba kuwa ya yi shiru, ba ya cewa komai. Me zan riƙa ba shi? Kuma bututun nan, haɗari ne?

Uwar gida daga Marwa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Ku dage da addu'a, ɗiyata.

Mai shago a Kusuri: Allah ya sawwaƙe. Abin da na ji daga mutane da yawa shi ne mai kansa ba ya cin sukari, ba ya cin ƙwai da nama, don su ne abincin cutar. A yanke masa su gaba ɗaya, a ba shi ruwan zogale da zuma da habbatus sauda. In cutar ta rasa abinci za ta motse.

Nas a Ngaundare: Alhaji, don Allah kar a kai wannan magana gidan mara lafiya. Na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma mutumin da ya zubar da kilo 14 cikin 'yan watanni, in ka hana shi ƙwai da madara da sukari, shi ka hana, ba cutar ba. Cutar ba ta jiran kwano. In abinci bai shigo ba, daga naman jikinsa take ɗiba, jikin ma da kansa haka yake yi. Kamar gidan da itacen girki ya ƙare ne, aka koma zare azarar ɗaki ana hurawa.

Ƙanwata, ki duba lissafin nan da kyau. Mu a asibiti, duk wanda ya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a wata 6, mun san tamowa ta kama shi sosai. Baba ya rasa kusan kashi 20. Ƙa'idar da likitocin abinci ke bi ga mai kansa ita ce kalori 25 zuwa 30 a kowane kilo na jiki a rana, furotin kuma daga giram 1 zuwa 1.5 a kowane kilo. Ga mai kilo 54, wajen kalori 1,350 zuwa 1,600 ke nan, da furotin giram 55 zuwa 80. To tsinkakken kunu da kike ba shi, galibinsa ruwa ne. Zai iya shan kofi biyar ya ji cikinsa ya cika, alhali ko rabin abin da jikinsa ke nema bai samu ba.

Ɗiyar Garwa: Yaya, wallahi abin da ke damuna ke nan. Kullum ina dama kunu, yana sha, amma kullum yana ƙara ramewa. In na yi mai kauri ya tsaya, in na tsinka ba amfani. Ya zan yi?

Nas a Ngaundare: Ba kauri za ki ƙara ba, ƙarfi za ki ƙara. Ga yadda nake nuna wa masu jinya. Ki niƙa gyaɗa soyayya ta yi laushi ƙwarai, ki dama ta da ruwa, ki tace da rariya mai laushi, ki ɗora a wuta kamar za ki yi kunun gyaɗa. Gasarar da za ki zuba kaɗan ce, don ita ke kawo kauri. Kafin ki sauke, ki kaɗa ƙwai ɗaya a kofi, ki tsiyaya a hankali kina juyawa har ya dahu a ciki. In kin sauke, ki zuba madarar gari cokali uku, man gyaɗa cokali ɗaya, da sukari. Ki sake tacewa. Kofin nan da ido ba ya bambanta da wanda kike ba shi yanzu, amma cokalin mai guda kaɗai ya kai kalori 120, ƙwai ɗaya furotin giram 6, gyaɗa da madarar gari kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu furotin ne.

Kar ki jira lokacin cin abinci na gida. Rabin kofi duk bayan awa biyu, sau shida zuwa takwas a yini. Ya zauna a miƙe, ba a kishingiɗe ba, kuma kar ya kwanta sai bayan rabin awa zuwa awa guda. Da dare a ɗaga masa kai da matashi biyu. Abincin ya zama mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, kuma a rage yaji da tsami don suna yi wa wurin zafi. Kindirmo yana wucewa da sauƙi wa mutane da yawa, amma sai na nonon da aka tafasa. Fiya, ayaba da gwanda a markaɗa da madara. Wake a cire ɓawon, a dafa ya narke, a markaɗa da mai. Kifi kuma, ku da ke bakin Binuwai kuna da shi, amma ki bi shi da yatsa ki cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ki markaɗa da romonsa, ki tace. Burodi, kilishi, tsire, ganye mai zare, mangwaro mai zare: a ajiye su. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar.

Sannan ki auna shi sau ɗaya a mako, a ma'auni guda, da kaya iri ɗaya, ki rubuta a littafi. Littafin nan ki riƙa kai wa likita.

Ɗan acaɓa a Garwa: A kasuwa ana samun Plumpy'Nut ɗin nan na yara, mai jan leda. Maƙwabcinmu da shi aka tayar da shi. Me zai hana ku saya?

Nas a Ngaundare: Leda ɗaya giram 92 ce, kalori 500, babu musu yana da ƙarfi. Amma magani ne da aka tanada wa yaran da tamowa mai tsanani ta kama, kyauta ake ba su a asibiti. Duk ledar da ka gani a kasuwa, akwai yaron da aka cire wa ita daga baki. Ni ba zan ce a saya ba. Kuma abin da ke cikinsa gyaɗa ce da madarar gari da mai da sukari, sai ƙarin sinadarai. Ga shi da danƙo, ga mai toshewar hanya zai iya maƙalewa. In likita ne ya rubuta masa irin madarar asibiti ta manya, wannan daban.

Hajiya daga Injamena: Salamu alaikum. Na karanta tun daga sama, na ga ba wanda ya amsa mata maganar bututu, kuma ita ce babbar tambayar. Ni maigidana yana da shi yanzu haka, bari in faɗa miki yadda yake, ɗiyata, ki karanta wa Baffanku.

Ba wata babbar huda ba ce. Ɗan bututu ne a gefen hagu sama da cibiya, kaurinsa bai kai ƙaramin yatsa ba, yana da marfi. In ya sa riga ba mai sanin yana nan. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake zama a ƙofar gida da abokansa. In lokacin ci ya yi, ya zauna a kujera, in wanke hannuna da sabulu, in ɗauko babban sirinji, in fara zuba tafasasshen ruwan da ya huce, sannan kunun a hankali, ba turawa da ƙarfi ba. Muna hira ina zubawa, kamar minti ashirin. In an gama in sake bi da ruwa don kar ya toshe, in rufe marfi, in goge gefen da tsumma mai tsabta. Kullum da safe ina wanke wurin da ruwa da sabulu, in busar. Shi ke nan.

Kafin a sa, sai da ya kai ba ya iya tashi daga tabarma sai an kama shi. Abin da ya fi ba ni tausayi a lokacin, yunwa yake ji, yana jin ƙamshin miya daga madafa, ya sa loma ta dawo. Yanzu yunwar ta tafi. Kuma ba a hana shi baki ba, har yanzu yana kurɓar shayi mai ɗumi don ya ji ɗanɗano. Ina zuba masa ɗan dihe a kunun, wanda matan Kanem ke kawowa.

Ɗiyar Garwa: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Wallahi sai da na yi hawaye. Mene ne dihe?

Hajiya daga Injamena: Wani koren abu ne da ke tasowa a kan tafkunan kanwa na Kanem da gefen tafkin Cadi, matan Kanembu su kwashe su shanya a kan yashi, ya bushe kamar waina. Da shi suke miya tun kaka da kakanni. Sai dai akwai yashi a ciki, dole a jiƙa, a tace, a dafa.

Likita a Yawunde: Dihe yana da furotin mai yawa, sama da rabin nauyinsa in ya bushe, amma abin da mutum zai iya ci a rana kaɗan ne. Ƙari ne, ba ya maye gurbin ƙwai da madara, kuma ba ya maganin kansa. Haka zogale. A sha, amma kar a ce an samu magani.

'Yar'uwa, ban ga Baba ba, ban ga hotunansa ba, don haka likitansa ne mai magana ta ƙarshe. Amma ga tambayoyin da ya kamata ki yi masa, don hanyar ciyarwa ba guda ɗaya ba ce.

Akwai siririn bututun hanci da ke bi ta hanyar abinci har ciki. Ba ya buƙatar aiki, amma sai in zai iya ratsa wurin da ya tsuke, kuma na ɗan lokaci ne, makonni huɗu zuwa shida galibi. Akwai na ciki, irin wanda Hajiya ta kwatanta. Akwai kuma wanda ake sawa a ƙaramin hanji. Bambancin waɗannan biyun yana da muhimmanci: in ana shirin yi wa Baba aikin cire wurin da cutar take, tumbinsa ake ɗagowa sama a haɗa a maimakon hanyar da aka cire, don haka likitocin fiɗa da yawa sun fi son kar a taɓa tumbin, a sa a hanji. Ki tambaya kai tsaye: ana tunanin aiki ko a'a? Sai kuma wata ragar ƙarfe da ake zurawa ta buɗe wurin daga ciki. Da ita mutum kan koma haɗiya cikin kwana ɗaya ko biyu, amma takan kawo ciwon ƙirji da ƙwannafi, takan gusa, abinci kan toshe ta, tana da tsada, kuma ba ko'ina ake samun ta ba. An fi sa wa waɗanda ba za a yi wa aiki ba.

Ƙarin ruwa da mutanenmu ke ganin shi ne abinci, ba abinci ba ne. Lita guda ta ruwan sukari na asibiti da aka saba sawa kalori 200 ce kawai, babu furotin ko kaɗan. Muddin hanji na aiki, ta hanji ake ciyarwa.

Abin da nake so Baffa ya gane: maganin kansa, ko na zubawa ta jijiya ne ko na haska wurin da na'ura, yana cin jiki. Haskawa ma takan sa wurin ya kumbura, haɗiya ta ƙara wuya kafin ta yi sauƙi. Wanda ya zo a rame ƙwarai, sau da yawa dole a ɗage maganin ko a tsaya a tsakiya. Kuma shi ma bututun yana da lokaci. In aka jira har ruwa ya daina wucewa, jikin ya yi rauni, ɗan aikin da da ba komai ba ne sai ya zama mai haɗari.

Malamin makaranta a Yaguwa: Likita, ka yi haƙuri, ni ina tare da Baffan a wani ɓangare. Mahaifiyata aka sa wa bututun nan. Wurin ya yi ruwa, ya yi wari, fatar gefen ta saluɓe, ta sha wahala, kuma ba ta yi wata biyu ba Allah ya karɓi abarsa. Har yau ina tambayar kaina me muka ƙara mata banda azaba. Ku masu asibiti kuna faɗin mai daɗin ne kawai. Tsofaffin nan da ke cewa a'a ba jahilci ba ne kullum, sun ga abin da suka gani.

Likita a Yawunde: Allah ya jiƙan Inna, ya sa aljanna makoma. Malam, gaskiya ka faɗa, kuma ba zan rufe ta ba. Wurin kan kamu da ƙwayoyin cuta, ruwan ciki kan zubo ya ci fata, bututun kan toshe ko ya fita. Kuma ba ya warkar da kansa ko kaɗan. Ga wanda cutar ta riga ta bazu, yana cikin makonninsa na ƙarshe, jiki da kansa ya daina neman abinci, ɗura masa ba ya ƙara kwana, sai dai ya ƙara amai da tari. Irin wannan ni ma ba na ba da shawarar a sa. A jiƙa masa baki, a kashe masa ciwo, a ba shi abin da ransa ke so ko cokali ɗaya ne.

Amma wanda yake jin yunwa, yana tafiya da ƙafarsa, ga magani ana shirin farawa, abin da ya hana shi ci toshewa ce kawai, wannan halinsa daban ne. Shi ya sa tambayar ba "bututu yana da kyau ko babu" ba ce. Tambayar ita ce ina cutar Baba ta kai, kuma me ake nufin a cim ma.

Malamin makaranta a Yaguwa: Na yarda da wannan rabewar. Da an zaunar da mu an yi mana bayani haka, da zuciyata ta fi natsuwa. Amma har yanzu ina cewa a tambayi ko akwai mai duba wurin bayan an koma gida. Mu ba wanda ya nuna mana.

Nas a Ngaundare: Wannan haƙƙinku ne, Malam. Ƙanwata, kar ki bar asibiti sai nas ta tsaya a kanki kin zuba da hannunki, kin wanke wurin da hannunki, kuma an faɗa miki inda za ki je in ya fita. In ya fita, a ranar ake komawa, don hudar tana rufewa cikin sa'o'i.

Liman a wata unguwa, Marwa: Bismillah. Abu biyu zan ƙara. Neman magani ba ya karo da tawakkali. Ya tabbata daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Huda ciki don a ciyar da mara lafiya ba cin zarafin jiki ba ne. Na biyu kuma, na ga ana ta cewa Baffa ya ce, likita ya ce. Shi mai jikin fa? Yana da hankalinsa, shi zai ji yunwar, shi zai ɗauki bututun. Ɗiyata, girmama Baffa wajibi ne, amma ba shi da ikon yanke wannan hukunci a kan ƙanensa baligi mai hankali. Ki sami lokacin da ba kowa, ki tambayi mahaifinki abin da yake so. Wataƙila shirunsa kunyar wansa ce. In azumi ya zo kuma, Allah ya riga ya ɗauke masa a cikin Baƙara, kar wani ya sa shi jin nauyi.

Mai shago a Kusuri: Na ji bayanin nas da likita, na gode. Tambaya ɗaya: me ke kawo ta? Mu nan shayi muke sha dare da rana.

Likita a Yawunde: Irin da muka fi gani a Afirka, manyan abubuwan da aka sani su ne taba da giya. A 2016 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Liyon a Faransa, ta sa abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ta. Ba shayin ba, zafin. A bar shi ya ɗan huce. Amma akwai masu kamuwa da ba su taɓa ko ɗaya ba. Abin da zan roƙi kowa a nan: duk wanda abinci ya fara tsaya masa a ƙirji, yana ramewa, kar a tsaya shan maganin olsa wata da watanni, a je a leƙa.

Wani gargaɗi, 'yar'uwa, tunda Baba ya jima ba ya samun isasshe. Ranar da aka sa bututu, kar ɗoki ya sa a cika masa ciki. Jikin da ya daɗe da yunwa, in abinci ya shigo da yawa lokaci guda, gishirin jini irin su fosfet da fotasiyam sukan faɗi, zuciya ta rikice, har a rasa rai. Da kaɗan ake farawa, a ƙara cikin kwanaki, tare da bitamin B1. Ki bi adadin da aka rubuta miki ko da yana cewa bai ƙoshi ba. Kuma tun yanzu, in kin ga yana tari duk lokacin da ya haɗiyi ruwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, ko miyau ma ya ƙi wucewa, ki dakatar da ba shi ta baki, ku tafi asibiti a ranar. Abincin na iya shiga huhu.

Ɗiyar Garwa: Na dawo. Na yi yadda Malam Liman ya ce, bayan isha'i na zauna da Baba mu biyu. Ya ce shi yunwa ta ishe shi, yana so a sa, amma ba ya son ya tsallake maganar yayansa. Na karanta wa Baffa abin da Hajiya ta rubuta, da na Malamin Yaguwa ma, ban ɓoye masa ba. Bai ce e ba, amma ya ce shi zai raka Baba wurin likita ya ji da kunnensa. Kunun Yaya nas kuma yana wucewa, alhamdu lillahi. Tambaya ta ƙarshe: in an tura mu Yawunde, mota ce har Ngaundare sannan jirgin ƙasa na dare. Ya zan yi da abincinsa a hanya, ga zafin nan?

Nas a Ngaundare: Kar ki dama mai yawa ki ɗauko. Kunu mai madara da ƙwai in ya wuce awa biyu a zafin Garwa ya lalace, gudawa kuwa ita ce abin da jikinsa ba zai ɗauka ba yanzu. Ki riƙe kayan a bushe: madarar gari, niƙaƙƙiyar gyaɗa a kwalba mai marfi, sukari, ɗan mai, da filas na tafasasshen ruwa. Ki riƙa haɗa rabin kofi lokacin da zai sha, ki tace da ƙaramar rariya. Ƙwai a bar shi sai kun isa. Ruwan sha na roba ki saya isasshe, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan duk hanya, ki lura da fitsarinsa, in ya yi kaɗan ya yi duhu ruwa ya yi masa ƙaranci. A jirgi ki nema masa gadon ƙasa, ki tafi da matashinsa don ɗaga kai. Magungunan da yake sha kuma, ki tambayi mai farmasi waɗanne ake iya dakawa, don ba duka ba ne, wasu akwai na ruwansu. Ki sa littafin awo da sakamakon fibroskopi a jakar hannunki, ba cikin akwati ba.